Yadda Ake Karanta Takardar Gwajin Jini Idan Ana Zargin Zazzaɓin Kaska

A asibitocinmu na Garwa, Marwa, Ngaundere da Kusiri, har zuwa Njamena, zazzaɓi suna biyu gare shi: ko palu, wato maleriya, ko taifot. Mutum ya zo jiki zafi rau, a ɗebi jini, a yi gwajin cizon sauro da na taifot, wato Widal, ɗaya daga ciki ya fito, a rubuta magani a sallame shi. Sau da yawa hakan daidai ne, domin maleriya ce ta fi kwantar da mu. Amma mu mutanen dabba ne. Makiyayi, mahauci, dillalin shanu a kasuwar Adumri, matar da ke tatsa, yaron da ke yanko ciyawa, duk suna cuɗanya da kaska, kuma kaska tana ɗauke da cututtukan da waɗancan gwaje-gwaje biyu ba sa gani. Wani lokacin ma cutar kaskar da maleriyar tare suke zaune a jiki ɗaya, a magance ɗaya a bar ɗaya.

Wannan jagora na wanda ya karɓo takardar labo ne, rubuce da Faransanci, cike da lambobi, yana son ya gane abin da ke ciki domin ya iya zama da likita su fahimci juna. Hukunci na likita ne. Amma majiyyacin da ya san abin da zai tambaya ya fi samun kulawa.

Mataki na farko: rubuta kwanaki kafin ka duba sakamako

Wannan ne ginshiƙin komai, kuma shi aka fi tsallakewa. Sakamakon gwajin cutar kaska ba ya da ma'ana sai an san rana ta nawa da fara ciwo aka ɗebi jinin. Gwaji ɗaya, a jikin mutum ɗaya, yana iya cewa babu a rana ta 4, ya ce akwai a rana ta 25, kuma duk biyun labo bai yi kuskure ba.

Buɗe karnenka na asibiti ka rubuta abu huɗu: ranar da ka ga kaska a jikinka ko ka shiga daji, garke ko mayanka, ranar da zazzaɓi ya fara, ranar da aka ɗebi jini, da duk maganin da ka sha kafin ɗibar, musamman maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka saya a farmasi ko wajen mai tebur. Kada ka ɓoye wannan na ƙarshen don jin nauyin likita. Kafso biyu ko uku sun isa su hana ƙwayar cuta fitowa a wasu gwaje-gwajen.

Rashin ganin kaska ba hujja ba ce. Babbar kaskar shanu mai zane a baya, wadda masana ke kira Amblyomma variegatum, manyanta sun fi yawa da farkon damina, amma 'ya'yanta ƙanana, masu fitowa bayan damina da lokacin sanyi, su ma suna cizon mutum, kuma da wuya ido ya kama su. Saboda haka a tuɓe a duba jiki: bayan gwiwa, matsematsi, hammata, ƙugu inda ake ɗaura wando, cikin gashi. Abin da ake nema shi ne ɗan ciwo mai baƙin ɓawo a tsakiya da ja a kewaye, wanda yawanci ba ya zafi, sai kaluluwa a kusa da shi. Likitoci na kiransa *escarre*. Idan akwai shi, ka ɗauki hotonsa da waya. A farkon ciwo, wannan tabon ya fi yawancin gwaje-gwajen jini faɗin gaskiya.

Mataki na biyu: raba gwaje-gwajen gida uku

Duk abin da ke kan takardar yana cikin ɗayan rukuni uku. Na farko yana nuna halin da jiki ke ciki, ba ya faɗin sunan cuta: NFS (ƙidayar ƙwayoyin jini), ASAT da ALAT (na hanta), *créatinine* (na ƙoda), CRP (na kumburi). Na biyu yana neman ita ƙwayar cutar da kanta: *goutte épaisse* da *frottis* (duba jini a madubin labo), *hémoculture* (renon ƙwayar cuta daga jini), PCR (neman ƙwayar halittar cutar). Na uku yana neman garkuwar da jiki ya ƙera don yaƙar cutar, shi ne *sérologie*, inda za ka ga IgM da IgG. Widal ma a nan yake.

Bambancin na biyu da na uku kamar kama ɓarawo ne a cikin gida da ganin sawunsa a ƙofa. Wanda ya ga sawu ya san an shigo, amma bai san ko jiya ne ko bara ba, kuma idan yanzu aka shigo mai yiwuwa sawun bai bayyana ba tukuna. Rukuni na biyu ya fi amfani a makon farko na zazzaɓi, kafin a sha magani. Na uku sai bayan mako ɗaya zuwa uku yake fara magana.

Mataki na uku: kula da waƙafi da ma'auni

A rubutun Faransanci waƙafi yana tsaya wa ɗigo: 4,5 na nufin huɗu da rabi. Dubbai kuma da ɗan fili ake raba su, 150 000. Wani labo yana rubuta /mm³, wani /µL, wani G/L. Na farko da na biyu abu ɗaya ne, 150 G/L kuma daidai yake da 150,000 a /mm³. Idan takardar daga na'ura ta fito kai tsaye, za ka iya ganin WBC, HGB da PLT a maimakon *leucocytes*, *hémoglobine* da *plaquettes*.

A *créatinine* aka fi rikicewa. Labo da yawa a Kamaru da Cadi da mg/L suke rubutawa, a Najeriya kuwa za ka tarar da mg/dL ko µmol/L. Adadin 12 mg/L shi ne 1.2 mg/dL, shi ne kusan 106 µmol/L. Wanda ya yi gwaji a Yola ko Maiduguri ya zo ya kwatanta da na Garwa ba tare da duba ma'auni ba zai tayar wa kansa hankali a banza. Kullum ka gwada lambarka da layin *valeurs normales* da ke gefenta a takardar da ke hannunka.

Mataki na huɗu: NFS, layi bayan layi

Fara da *plaquettes*, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. A lafiyayyen jiki suna tsakanin 150,000 da 400,000 ko ɗan sama. Yawancin cututtukan kaska suna rage su, amma maleriya ma tana rage su, haka zazzaɓin dengi, wanda ya ɓarke a Abeche a 2023. Don haka raguwarsu ba ta nuna wace cuta ce, tana nuna cewa ciwon ba na wasa ba ne. Ƙasa da 100,000 a bi a hankali a sake gwaji. Ƙasa da 50,000 zancen kwanciya asibiti ne. Ƙasa da 20,000 jini yana iya ɓallewa ba tare da rauni ba. Duk wanda plaket ɗinsa suka yi ƙasa ya nisanci asfirin, ibuprofen da diklofenak, kada kuma ya yarda a yi masa allurar tsoka a gida. Parasetamol ne na zazzaɓi, shi ma bisa ƙa'ida.

Sai *leucocytes*, fararen ƙwayoyin jini, 4,000 zuwa 10,000. Mutane sun ɗauka duk cutar bakteriya tana ɗaga su. Cututtukan kaska sau da yawa suna barin su yadda suke ko ma su rage su. Zazzaɓi mai zafi, fararen ƙwayoyi daidai ko ƙasa, plaket ƙasa, hanta ta ɗan motsa, gwajin maleriya kuma babu: wannan haɗin ne ya kamata ya sa a tuna da kaska. Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. 'Yan Afirka da yawa, bisa halitta, adadin *neutrophiles* ɗinsu, wani nau'i na fararen ƙwayoyin, ya fi na Turawa ƙanƙanta, alhali lafiyarsu ƙalau, ma'aunin da ke jikin na'urori kuwa galibi na Turai ne. Idan kana da tsohuwar takardar NFS ta lokacin da kake lafiya, ka zo da ita a kwatanta.

*Hémoglobine* ita ce abin da muke cewa yawan jini: namiji 13 zuwa sama, mace 12, mai ciki 11. Faɗuwarta da sauri cikin 'yan kwanaki, tare da fitsari mai duhu ko idanu rawaya, tana nuna jajayen ƙwayoyi na fashewa, kuma a nan ƙasar maleriya ake fara zargi. Mai sikila ya faɗa tun farko, don ma'auninsa dabam ne. Idan *éosinophiles*, wani nau'in fararen ƙwayoyi, ne suka hau, wannan ba aikin kaska ba ne, a nemi tsutsar ciki ko tsargiya, musamman ga mutanen Lagdo, Yagwa da bakin Tafkin Cadi.

Mataki na biyar: hanta, ƙoda, da alamar da ba a kwana da ita

ASAT da ALAT na hanta ne, yawanci ƙasa da 40. A zazzaɓin cizon kaska na yau da kullum suna iya ninkawa biyu ko uku, su sauko bayan magani. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a arewacin Kamaru da Cadi, don haka idan lambobin sun ƙi sauka bayan an warke, a yi gwajin AgHBs. CRP tana nuna akwai kumburi a jiki. Tana hawa a maleriya, tana hawa a cutar bakteriya, ba ta bambance su. Amfaninta shi ne a ga tana sauka bayan an fara magani.

Akwai cutar kaska ɗaya da ba ta jiran kowa, zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango, a takarda FHCC. An fara bayyana ta a Kirimiya a 1944, aka samo ƙwayarta a Kwango a 1956, a 1969 aka gane abu ɗaya ne. Kaskar Hyalomma ce ke yaɗa ta, mai dogayen ƙafafu masu zobe-zobe, wadda ta fi son busassun wurare irin namu, a jikin shanu, raƙuma da tumaki. Dabbar da ke ɗauke da cutar ba ta nuna ciwo. Mutum yana kamuwa ta cizo, ko ta murtsuke kaska da yatsa, ko ta jinin dabba lokacin yanka da fiɗa, ko ta jinin majiyyaci. An samu alamar garkuwarta a jinin shanun arewacin Kamaru, an kuma tabbatar da ita a jikin mutane a Senegal, Muritaniya da Sudan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka kwanta da ita. Bayan cizo tana bayyana cikin kwana 1 zuwa 3, ba ta wuce 9. Bayan taɓa jini, kwana 5 zuwa 6, ba ta wuce 13.

A takarda ga yadda take: plaket sun faɗi warwas, fararen ƙwayoyi ƙasa, ASAT da ALAT sun haura ɗaruruwa, sau da yawa ASAT a gaba, a gwajin daskarewar jini kuma TP ya sauka ƙasa da kashi 70, TCA ya tsawaita. A jiki kuwa: zazzaɓi na farat ɗaya, ciwon kai da na baya, jajayen idanu, sannan haɓo, jini a dasashi, baƙin bayan gida, ko shacin jini ƙarƙashin fata inda aka yi allura. Mahauci ko makiyayi da ya zo da wannan, ko wanda ya yi fiɗa da layya mako ɗaya ko biyu da suka wuce, a faɗa wa ma'aikatan asibiti sana'arsa tun daga bakin ƙofa, don su sa safar hannu su keɓe shi. Faɗin hakan ba tona asiri ba ne, kare ran mai jinya ne da na nas. PCR ce ke tabbatar da cutar a kwanakin farko. IgM sai wajen ƙarshen makon farko take fitowa, waɗanda ciwon ya fi tsananta a kansu ma sau da yawa ba sa ƙera ta sam, don haka *sérologie négative* a nan ba ta wanke kowa. Irin wannan jinin ba a ɗan labon unguwa ake buɗe shi ba. Asibiti ne ke sanar da hukumar lafiya a tura shi babban ɗakin gwaji, irin su Centre Pasteur du Cameroun da ke Yawunde, mai reshe a Garwa.

Mataki na shida: palu ya fito, Widal ya fito, amma kada a rufe littafi

TDR shi ne ɗan gwajin maleriyar nan na tsinke mai layi biyu. Yawancinsu wani sinadari suke nema mai suna HRP2, wanda ke iya zama a jini makonni bayan an kashe ƙwayar maleriyar. Wanda ya sha maganin palu mako biyu da suka wuce, ya dawo da sabon zazzaɓi, TDR ɗinsa na iya nuna layi biyu alhali wani abu dabam ke damunsa. A nan *goutte épaisse* ake buƙata, a kuma nemi a rubuta adadin ƙwayoyin, wato *densité parasitaire*. Ban da haka, da damina manya da yawa a ƙasarmu suna yawo da 'yan ƙwayoyin maleriya a jini ba tare da ciwo ba. Samun 'yan kaɗan a jinin babban mutum bai tabbatar da cewa su ne suka kwantar da shi ba. A sha maganin maleriyar, wannan ba a jayayya. Amma idan an cika kwana uku ana sha daidai, zazzaɓi bai sauka ba, a koma asibiti a ce a sake dubawa, a kuma ambaci kaska da dabba.

Widal kuwa, a ganina, shi ne gwajin da ya fi ɓatar da mutane a yankin nan. Garkuwa yake aunawa, TO da TH, kuma a inda taifot ya saba yawo, lafiyayyu da yawa suna da ita daga tsohon kamu ko rigakafi. Maleriya ma tana iya ɗaga shi. Widal guda ɗaya bai isa a ce mutum na da taifot ba. Mai tabbatarwa ita ce *hémoculture*, jinin da aka ɗiba kafin a fara magani. Illar a nan babba ce: magungunan da aka saba bayarwa don taifot, irin su seftiriyakson da amoksisilin, ba sa taɓa ƙwayar riketsiya da kaska ke sakawa. Sai mutum ya yi kwana goma yana shan allura, kuɗi na tafiya, zazzaɓi na nan.

Mataki na bakwai: karanta IgM da IgG na riketsiya

Cutar kaska da aka fi tsammani ga mai hulɗa da shanu ita ce zazzaɓin cizon kaska na Afirka, wanda Rickettsia africae ke haddasawa. Yana fitowa kamar kwana 5 zuwa 10 bayan cizo, da ciwon kai, ciwon wuya da tsoka, kaluluwa, da baƙin tabo, wani lokaci fiye da ɗaya. 'Yar'uwarta Rickettsia conorii ta kaskar kare ce, ta fi zuwa da ƙuraje har tafin hannu da na ƙafa, ta kuma fi tsanani ga tsofaffi da masu ciwon suga.

Sakamakon yana zuwa kamar haka: 1/64, 1/128, 1/256. Ma'anarsa sau nawa aka tsarma jinin amma har yanzu ana ganin garkuwar. Lambar ƙasa in ta fi girma, garkuwar ta fi yawa. Labo da yawa daga 1/64 suke fara cewa IgG *positif*.

Ga yadda za ka auna. Idan an ɗebi jinin a makon farko ya fito *négatif*, bai kore cutar ba ko kaɗan. Garkuwar riketsiya ba ta cika bayyana kafin kwana 7 zuwa 10 ba, ta Rickettsia africae ma takan kai mako uku zuwa huɗu, wanda kuma ya sha magani da wuri ko ciwonsa bai yi tsanani ba mai yiwuwa ba za ta taɓa fitowa ba. Idan kuma IgG ta fito 1/64 ko 1/128 a rana ta 3, to kusan tabbas tsohuwa ce, domin jiki bai isa ya ƙera sabuwa cikin kwana uku ba. Makiyayin da ya tashi cikin shanu tun yana yaro abin mamaki ne ma a ce ba shi da ita. IgM, wadda ake cewa alamar sabon kamu, a riketsiya ba abin dogaro ba ce ita kaɗai: takan fito a kan ƙarya, takan kuma daɗe watanni.

Hanyar da ke tabbatarwa ita ce jini biyu. Na farko a farkon ciwo, na biyu bayan mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, a labo ɗaya. Idan lambar ta ninka huɗu, cutar ta yanzu ce. A ce dillalin shanu ya yi gwaji a rana ta 5 aka samu 1/64, ya sake a rana ta 28 aka samu 1/256 ko 1/512: wannan sabon kamu ne. In ya tashi daga 1/64 zuwa 1/128 kawai, wannan ninki biyu ne, bai wuce ɗan bambancin da ake samu tsakanin gwaji da gwaji ba. In ya tsaya a 1/128 duka biyun, tsohon abu ne, a nemi dalilin zazzaɓin a wani wuri. Kuma ko takarda ta rubuta *conorii*, ba lallai ita ce ba, don garkuwar dangin riketsiya tana kama junansu.

Inda ake iya yin PCR, shafo ƙarƙashin ɓawon baƙin tabon da auduga ya fi jini ba da amsa, domin ƙwayar a bangon jijiyoyin jini take zama, ba ta yawo da yawa cikin jini. PCR ta jini da ta ce babu ba ta kore cutar ba. Idan kuma ka ga OX19, OX2 ko OXK a takarda, wannan tsohon gwajin Weil-Felix ne, yana yawan kuskure ta kowane ɓangare, kada a gina hukunci a kansa.

Abin da duk wannan ke nufi a aikace shi ne ba a jiran sakamako kafin a fara magani. Likitan da ya ga zazzaɓi, baƙin tabo da tarihin shiga garke zai rubuta doksisiklin a ranar, ga babba yawanci miligiram 100 sau biyu a yini. Zazzaɓin riketsiya yakan sauka cikin kwana biyu zuwa uku da farawa, wannan saukar ma shaida ce. A sha da ruwa mai yawa, kada a kwanta nan take, a raba shi da nono, kindirmo da maganin ƙarin jini da kamar awa biyu. Yara ƙanana ma ana ba su na 'yan kwanaki idan likita ya auna nauyinsu. Mai ciki ta faɗa kafin a rubuta.

Mataki na takwas: sauran da ke fakewa a bayan zazzaɓi

Zazzaɓin Q, a takarda *Coxiella burnetii*, ana samun ƙwayarsa a jikin kaska, amma mutane sun fi kamuwa ta shaƙar ƙurar garke inda tumaki, awaki, shanu ko raƙuma suka haihu ko suka yi ɓari. Binciken da aka yi a tsakanin makiyayan Cadi ya samu alamarsa a jinin mafi yawan raƙuman da aka gwada. Sakamakonsa kashi biyu ne, kuma a juye suke: *phase II* ce ke hawa a sabon kamu, *phase I* kuwa in ta kai 1/800 ko sama ana tsoron cutar ta zauna, musamman a zuciya. Mai ciwon ƙofofin zuciya da mace mai ciki su ne ba a sakaci da nasu.

Burusela, wadda makiyaya ke kira bakkale a jikin shanu, ba ta kaska ba ce, ta ɗanyen nono ce da taɓa mabiyiyar dabba, amma mutanen da kaska ke cizo su ne dai take kamawa. Zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare, ciwon baya da gaɓoɓi na makonni. Gwajin farko *Rose Bengale*, in ya fito a tabbatar da wani. Maganinta iri biyu ne a haɗe har mako shida, don haka doksisiklin na mako ɗaya zai lafar da ita ne kawai ta dawo.

Akwai kuma zazzaɓi mai komowa na ƙwayar Borrelia: kamar kwana uku ana zafi, kamar mako guda lafiya, sai ya dawo. A Senegal, Mali da Muritaniya wata kaska mai laushi da ke zama a ramin ɓera ce ke kawo shi, tana cizo da dare ta sauka kafin gari ya waye. A Habasha da Sudan akwai irinsa na kwarkwata. Fatake da direbobi masu bin waɗannan hanyoyi su faɗi inda suka kwana. Ana ganin ƙwayar, siririya mai murɗe-murɗe, a *goutte épaisse* ɗin nan ta maleriya, amma sai an ɗebi jinin lokacin da jiki ke zafi, sai kuma an gaya wa mai duba madubin ya neme ta. Kashin farko na magani a asibiti ake sha, don cikin 'yan awoyi jiki na iya rikicewa da rawar sanyi da faɗuwar hawan jini.

Cutar Laim, da ake yawan gani a intanet, ta Amurka ce da Turai da sassan Asiya masu sanyi. An gano ta a garin Laim na jihar Konetikat a 1975, kaskar Ixodes ke yaɗa ta a dazuzzukan can. Gwajinta hawa biyu ne, ELISA sannan wani na tabbatarwa, na farkon shi kaɗai yakan fito a kan ƙarya, har ga mai ciwon tunjere. Wanda bai taɓa barin Sahel ba kada ya zubar da kuɗinsa a kanta. Ɗalibi ko ɗan kasuwa da ya dawo daga Faransa, Jamus ko Amurka bayan ya shiga daji a can, nasa dabam ne, kuma shi ne ya kamata a tuna masa da Babesia, wadda a madubi take kama da maleriya alhali TDR na cewa babu.

Mataki na tara: abin da za ka tambaya, da abin da za a sake

Ka shiga wajen likita da karne, duk tsofaffin takardu, kwalayen magungunan da ka sha, da hoton tabon. In ka cire kaskar, ka zo da ita cikin 'yar kwalba da ɗan alkol. Da hantsaki ake cire ta, a kama dab da fata a ja a hankali, ba a murtsuke ta da farce. Tambayoyin kaɗan ne: Dokta, wannan gwajin ƙwayar ya nema ko garkuwa? A ranar da aka ɗebi jinina, ya isa ya nuna? Yaushe zan dawo a ɗebi na biyu? Wace alama ce in na gani zan dawo ko da tsakar dare? Amsar ta ƙarshen ka riƙe ta tun yanzu: zubar jini ta ko'ina, ruɗewa ko yawan barci, sanƙarewar wuya, numfashi da ƙyar, raguwar fitsari, amai da ya hana shan magani.

Bayan an gama magani, NFS, ASAT, ALAT da *créatinine* ake sakewa idan da ma sun kauce, a ga sun koma daidai. Plaket sukan farfaɗo cikin mako ɗaya zuwa biyu, hanta takan ɗan fi jinkiri. Ba a sake IgG don a ga ko an warke. Tana iya zama *positif* watanni ko shekaru a jikin wanda ya warke sarai, kuma ba dalili ba ce ta ƙara wani zagayen magani. Zazzaɓin Q dabam ne, ana bin garkuwarsa na wasu watanni, saboda *phase I*.

Idan mutum biyu ko uku a gida ɗaya ko ruga ɗaya suka kwanta a tare, ko ɓari ya yawaita a garke, a sanar da likitan dabbobi na yankin tare da na mutane. Jinin dabbobin ana iya tura shi babban ɗakin gwajin dabbobi, LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa, a Cadi kuma IRED da ke Farsha a Njamena, kuma abin da aka samu a garken yana taimaka wa likita ya san gwajin da zai nema wa masu shi.